Yadda Dodo Ya Shiga Littafi

Iyaye da yawa a birnin Katsina sukan yi kuka da littattafan aljanu da fatalwa waɗanda samari da 'yan mata ke karantawa, har wani ya ƙwace ya jefa a murhu, ya ce wannan baƙon abu ne. Lalle takardar baƙuwa ce, amma abin da ke cikinta ɗan gida ne, ya girmi ganuwar birni.

Tun kafin boko, tatsuniya ita ce makarantar dare. In an ci tuwo, yara sai su kewaye wata tsohuwa a tsakar gida. A bakinta suka san Dodo, mai tsare rafi, wanda ba ya barin a ɗebi ruwa sai an yi masa alkawarin ɗiya. A nan suka ji labarin budurwar nan mai ruwan ido, wadda ta ce ba ta auren mai tabo, har wani kyakkyawan baƙo ya zo ta bi shi, sai a daji ta gane ba mutum ba ne. Wannan tsoro kuwa aiki yake yi. Yaron da ya ji labarin Dodo ba ya leƙa rijiya, ba ya zuwa kududdufi shi kaɗai da damina. Wanda aka gaya wa Doguwa tana gindin kuka da tsamiya ba ya yawo da tsakar rana ko da almuru.

Amma ku lura da hikimar tsofaffi. Tatsuniya tana da ƙofar shiga, watau "ga ta nan, ga ta nanku," tana kuma da ƙofar fita, watau "ƙurunƙus." Da an faɗi wannan kalma, yaro ya san ƙarya ce, Dodo ya koma inda ya fito. Har doka suka kafa, cewa wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata. A ganina dabara ce kawai ta hana yara barin aike, amma ta kuma tsare tsoro cikin lokacinsa.

Baƙi ne suka fara sa waɗannan labaru a ɗab'i. Bature matafiyi Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya shigo Katsina a 1851, ya sake dawowa a 1853. Da zai koma Ingila a 1855 ya tafi da wani yaro Bahaushe, Dorugu, daga bakinsa ne Schön ya rubuta labaru da dama da suka fito cikin Magana Hausa a 1885. Daga baya Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i 3, tsakanin 1911 da 1913. Sai dai waɗannan ba don 'ya'yanmu aka yi su ba, don Turawa masu koyon Hausa ne.

Littafin da aka yi domin samarin ƙasar nan sai a zamanin Sarki Muhammadu Dikko ya samu, Katsina kuwa tana da babban rabo a ciki. A 1933 Rupert East, shugaban ofishin fassara na Zariya, ya zaga ƙasa yana roƙon malamai su ƙaga labaru, domin 'yan makaranta sun koyi karatu amma ba su da abin karantawa. Littattafai 5 suka fito daga wannan gasa. Biyu daga cikinsu malaman da ke koyarwa a Katsina ne suka rubuta, wa da ƙane: Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, ya yi Ganɗoki, Malam Abubakar Imam na Midil kuma ya yi Ruwan Bagaja. Dukansu biyu akwai aljanu a ciki.

To, a nan ne abin lura yake. Aljanun waɗannan littattafai ba su hana kowa barci. Ganɗoki, bayan ya gwabza da Turawa, ƙasar aljanu ya faɗa, ya yaƙe su da takobi kamar yadda ake yaƙar kowace runduna. Alhaji na Ruwan Bagaja ya kai har ƙasar aljanu ya ɗebo ruwan da ya fita nema, amma abin da mai karatu ya fi tunawa shi ne dariyar da ya sha a kan rikicinsa da Malam Zurƙe. Marubutan malamai ne masu ilmin addini, sun san Alƙur'ani ya tabbatar da aljanu halittar Allah ne, akwai muminai cikinsu akwai kafirai. Saboda haka ba su yarda su mai da su abin da ya fi ƙarfin mutum mai tawakkali ba. Littafin kuma na aji ne, da rana tsaka za a karanta shi gaban malami.

Da Imam ya tafi Zariya a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce, sai ya ɗauko aikin tsohuwar nan ya ba aku. Sarki ya tafi yaƙi, Waziri na ƙulla makirci, ɗan Sarki Musa yana so ya fita da dare, aku kuwa ya riƙa tsare shi da labari har gari ya waye. Ashe ko a takarda, labarin dare abin tsare yaro ne a gida.

Haka aka tafi zamanin Kamfanin Gaskiya da Hukumar NORLA, wadda ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959 tana buga wa ɗaliban Yaƙi da Jahilci abin karatu. Duk littafin da zai fito sai ya bi ta hannun masu dubawa. Daga shekarun 1980 ne marubuta, musamman a Kano, suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu, suna kai wa kasuwa. Yawancinsu na soyayya ne, amma tare da su aka sami na matsafa da mayu da ƙungiyoyin asiri, waɗanda niyyarsu tun farko su tayar wa mai karatu da tsigar jiki. A nan Dodo ya sami haƙoransa da malaman Katsina suka cire.

Waɗansu daga cikinsu an yi su da gwaninta, ban ga laifin saurayi ya karanta ba. Inda nake jin tsoro wuri ɗaya ne. Dodon tatsuniya a rafi yake ko a daji, ba shi da gida a unguwa. Amma mayya ta sabon littafi sau da yawa kishiyar uwa ce, ko tsohuwa maƙwabciya marar ɗa. Yaro kuwa shi kaɗai yake karantawa a ɗaki, babu mai ce masa ƙurunƙus. Kowa ya san yadda zargin maita ke yi a gari: yaro ya yi zazzaɓi, ya ambaci sunan wata cikin magagi, kafin asuba an taru a ƙofar gidanta ana cewa ta tsallake shi ta saki kurwarsa. Tsohuwar da aka yi wa wannan tarko, da ita aka saba kai wa yara ta yi musu tatsuniya.