Fijon kakana da tarihin birkin mai

1/ Wata biyu da suka wuce saura ƙiris in shige ƙarƙashin tirela a Gyaɗi-Gyaɗi da Fijo 504 ɗin marigayi kakana. Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka soso. Allah ne ya kiyaye, birkin hannu ya kama. Ku gyara zama, zaren yau dogo ne.

2/ Da na dawo Darmanawa jikina na rawa, Abba bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi a kira 'yan gwangwan su auna ta a kilo. Motar da aka kai Umma gidan miji a cikinta fa! Na roƙe shi ya ba ni wata ɗaya. Cikin watan nan na karanta tarihin birki fiye da yadda na karanta kwas ɗina, kada dai malamanmu su ji.

3/ Motocin farko da waya da sandunan ƙarfe suke tsayawa, kusan irin birkin keke. Matsalar ita ce wayar wannan taya ta fi ta waccan saki, sai wata ta kama, wata ta ƙi, mota ta karkace.

4/ Maganin kuwa tun ƙarni na 17 wani Bafaranshe, Blaise Pascal, ya bayyana shi: in ka matsa ruwan da ke rufe cikin bututu, ƙarfin zai isa ko'ina daidai wa daida. A 1917 Malcolm Loughead na Amurka ya yi rajistar birki mai aiki da wannan dabara. A 1921 motar Duesenberg ta fito da shi a duka tayoyi huɗu. Ford kuwa ya yi ta taurin kai, sai 1939 ya sallama.

5/ Ku riƙe wannan, don shi ne ƙashin bayan maganar: mai ba ya matsuwa, iska tana matsuwa. Duk ranar da iska ko tururi ya shiga bututun birki, ƙafarka iska take dannawa, taya ba ta san kana yi ba.

6/ Birkin mai na farko layi ɗaya gare shi. Bututu ɗaya ya fashe, man ya tsiyaye, shi ke nan ba ka da komai. Shi ya sa a ƙarshen shekarun 1960 Amurka ta wajabta masta mai ɗaki biyu, wato layi biyu daban, in ɗaya ya mutu ɗayan ya tsayar da kai. Tamu ma haka take, gaba daban, baya daban. To me ya sa ta shanye mini gaba ɗaya? Zan dawo kan wannan.

7/ An fito da 504 a Faransa a 1968. A 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kakuri, Kaduna, kuma bayan rasuwar Janar Murtala gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da ita motar hukuma. Daga nan ta zama ta kowa: ta ma'aikaci, ta ɗan kasuwa, ta tasha. Wagon ce ke jigila Kano zuwa Kaduna da Jos, a-kori-kura na ɗaukar hatsi. Turawa sun daɗe da barin ta, amma Kaduna ba a daina haɗa ta ba sai wajen 2006.

8/ Kowa in ya tashi yabon 504 inji yake yabo, da ƙafa mai jure rami. Ban taɓa jin wanda ya yabi birkinta ba, ni kuma a ganina nan tarihin namu ya fi daɗin karantawa. Don daga 1986, da SAP ta karya darajar naira, sabon kaya ya gagari talaka. Kasuwar Ƙofar Ruwa ta cika da kayan Baljiyam, makanikai suka koma dabara.

9/ Wasu dabarun abin a sara musu ne. Wasu kuwa kisa ne a ɓoye. Direba ya ga man birki ya yi ƙasa a hanya, ya dama omo da ruwa ya zuba. Wani ya zuba baƙin mai, wanda ke kumbura robobin ciki har su lalace. Talauci ne ya kawo su, ban musa ba, amma sun zauna sun zama al'ada, har mai hali ma yana yi.

10/ Na samu wani dattijon makanike a Tarauni da ya koyi aiki tun Fijo na sabuwa. Ya shiga ƙarƙashin motar, bai yi minti biyar ba ya kira ni.
"Ɗana, zo ka gani da idonka."
Bututun da ke kai mai baya an daddake bakinsa, an toshe da ƙusa. Ƙusar har ta yi tsatsa.

11/ Wato shekarun baya birkin baya ya fara yoyo, maimakon a canja 'yar robar da ke cikin ganga, sai wani ya kashe layin ɗungurungum. Motar ta yi ta yawo da birkin gaba kaɗai. Ranar da tiyon gaba ya tsufa ya fashe a Gyaɗi-Gyaɗi, babu na biyun da zai taimaka. Birkin hannu ya cece ni ne don shi da waya yake aiki, ba ruwansa da mai. Wato fasahar da Ford ya bari a 1939 ita ta hana a yi zaman makokina.

12/ Man da muka zuƙo daga ciki baƙi ne kamar shayin da ya kwana. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana shan danshi daga iska ko da ba a buɗe shi ba sosai. Sabon DOT 4 sai zafi ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa a 155. In ya tafasa ya zama tururi, sai ku koma lamba 5. Ruwan kuma shi ke cinye bututu da silinda ta ciki. Shi ya sa ake cewa a canja shi duk shekara biyu. Namu ina zargin ya girmi ƙanwata.

13/ Ni da zumuɗin abin da na gani a YouTube na ce, "Baba, me zai hana mu ɗora mata babbar masta ta motar Japan, birkin ya ƙara ƙarfi?" Ya yi dariya har da tari. Ya ce in masta ta fi faɗi, feda tauri za ta yi, ƙarfin da ke isa taya kuma raguwa zai yi. Na koma gida na yi lissafin Pascal a takarda don in kama shi. Shi ke da gaskiya, kuma bai taɓa jin sunan Pascal ba.

14/ Abin da muka yi dai: sababbin tiyo huɗu na roba da na ƙarfen da tsatsa ta ci, sababbin robobin masta, silindar baya biyu, takalman ganga, da fad na gaba. Kwana uku na yi ina zarya Ƙofar Ruwa, don jabu ya fi na gaske yawa. Baba matsa roba yake da farce, in ta yi fari ya ce in mayar.

15/ Sai cire iska, aikin da mutum ɗaya ba ya yi. Ni a kujera, shi a ƙasa da sifana, muka fara daga tayar da ta fi nisa da masta.
"Taka! Taka! Riƙe!"
"Na riƙe, Baba."
"Saki."
Haka har man ya fito garau ba kumfa, feda ta tsaya ƙyam a sama.

16/ Na tambaye shi cikin yaransa wa ya iya wannan aikin a kan 504. Ya ce duk sun fi son motar da ake jona wa kwamfuta, nan kuɗin yake, shi ma bai ga laifinsu ba.

17/ Juma'ar da ta wuce ni na kai Abba masallaci a cikinta. Tun daga gida hannunsa na kan birkin hannu, bai ɗauke ba sai da muka wuce Gyaɗi-Gyaɗi. Maganar 'yan gwangwan dai bai sake tayar da ita ba, bai kuma ce ya janye ba. Yanzu sabo ce ta rage, ta fara huci in na taka. Duk wanda ya san inda zan samu ta 504 wagon mai kyau a Kano, don Allah ya yi mini magana.