Hidimomin Ba da Shawara da Tallafa wa Ɗalibai a Jami'o'in Nijeriya

Gabatarwa

Jami'a wuri ne da ke haɗa ɗalibai daga sassa daban-daban na ƙasa: ɗan birni da ɗan karkara, wanda ya fito daga makarantar kwana da wanda ya fito daga makarantar Arabiyya, matar aure mai goyo, da mai lalurar gani ko ji. Samun gurbin karatu mataki ne na farko kawai. Ɗalibai da dama kan bar karatu a shekarar farko ko ta biyu, ba don ƙarancin basira ba, sai don rashin sanin inda za su kai kukansu idan matsala ta taso. Wannan bayani ya ƙunshi hidimomin da jami'o'i suka tanada, da yadda iyaye da jami'an ƙananan hukumomi za su taimaka.

Taƙaitaccen Tarihi

Ana danganta farkon aikin ba ɗalibai shawara a tsarin ilimin zamani na Nijeriya da shekarar 1959, lokacin da malaman Kwalejin St. Theresa da ke Ibadan suka gayyato ma'aikata domin su yi wa 'yan mata masu kammala karatu bayani kan sana'o'i. An kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa, wato CASSON, a 1976. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 kuwa ta amince da buƙatar samar da jami'an ba da shawara a makarantu. Daga nan ne sassan ilimi na jami'o'i suka himmatu wajen horar da ƙwararru a wannan fanni.

Yadda Ake Samun Ɗalibai Mabambanta

Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ce ke shirya jarrabawar shiga manyan makarantu. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe bisa ƙa'ida uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya wajen ilimin zamani. Saboda haka aji guda kan ƙunshi ɗaliban da shirinsu na sakandare ya sha bamban. Domin cike wannan giɓi ne ake da karatun share fage, kamar shirin IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, da makarantarta ta share fage da ke Funtuwa.

Sashen Harkokin Ɗalibai

Kowace jami'a tana da Sashen Harkokin Ɗalibai, ƙarƙashin wani babban malami. Shi ke raba ɗakunan kwana, da yi wa ƙungiyoyin ɗalibai rajista, da shirya taron wayar da kan sababbin ɗalibai, da kuma tura sunayen waɗanda suka kammala zuwa hukumar yi wa ƙasa hidima. A mafi yawan jami'o'i, ofishin ba da shawara yana ƙarƙashin wannan sashe ne, ko kuma cibiya ce mai zaman kanta. Ayyukansa sun kasu kashi uku.

Na farko, shawara kan karatu. Ɗalibin da ya yi sakandare a inda ake fassara masa darasi da Hausa kan sha wuya a zangon farko, domin lacca da Turanci ake yi, aji na da girma, rajistar darussa kuma ta intanet ce. Jami'in ba da shawara kan koya masa tsara lokaci, da rubuta bayanan lacca, da amfani da ɗakin karatu. Haka kuma a kowane sashe akwai malamin da aka ɗora wa kula da kowane aji. Wurinsa ake fara zuwa idan an faɗi wani darasi, ko ana son sauya fanni. Wanda rashin lafiya ko haihuwa ko rashin kuɗi ya hana shi ci gaba, zai iya rubuta takardar neman ɗage karatu zuwa wani zango. Wanda ya tafi gida bai rubuta ba, ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya ƙi halartar jarrabawa, abin da kan kai ga rasa gurbinsa gaba ɗaya.

Na biyu, shawara kan matsalolin rayuwa. Waɗannan sun haɗa da kewar gida, da damuwa mai tsanani, da rikicin aure, da cin zarafi, da shaye-shaye, da matsin lambar ƙungiyoyin asiri. Binciken ƙasa kan ta'ammali da miyagun ƙwayoyi na 2018 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da su a cikin shekara guda. Ƙa'idar aikin ita ce riƙe sirri, sai fa idan akwai barazana ga ran ɗalibin ko na wani. Idan matsalar ta fi ƙarfin shawara, ana tura ɗalibi wurin likita. Zuwa wannan ofishi ba alamar taɓin hankali ba ce, kuma ba abin kunya ba ne.

Na uku, shawara kan sana'a: zaɓen fannin da ya dace da ƙwazon ɗalibi, da neman wurin koyon aiki, da rubuta takardar neman aiki.

Kiwon Lafiya

Ana yi wa sababbin ɗalibai gwajin lafiya a asibitin jami'a, a buɗe musu kati. Akwai shirin inshorar lafiya na ɗaliban manyan makarantu mai suna TISHIP, wanda akasari ake haɗa kuɗinsa cikin kuɗin rajista. Mai ciwon sikila ko asma ko farfaɗiya ya bayyana lalurarsa tun ranar gwaji, domin a san yadda za a kula da shi.

Ɗalibai Masu Buƙata ta Musamman

Tun daga 2017 hukumar JAMB ke shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyi na musamman. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu kan dokar da ta haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos suna da sassan ilimin masu buƙata ta musamman. Ya dace irin wannan ɗalibi ya nemi ɗaki a hawa na ƙasa, da mai karanta masa tambayoyi ko ƙarin lokaci a jarrabawa, kuma ya nema a rubuce tun farkon zango.

Tallafin Kuɗi

Hanya ta farko ita ce hukumar ba da tallafin karatu ta jiha, wadda kan buƙaci takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, da takardar samun gurbi, da rasidin rajista. Ta biyu ita ce asusun lamunin karatu na tarayya, NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a watan Mayu na 2024. Lamunin ba shi da ruwa. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, kuma a lokacin da aka fara shirin an ƙayyade naira 20,000 a wata a matsayin kuɗin guzuri. Biyan bashin kan fara ne shekara biyu bayan kammala yi wa ƙasa hidima. Ana nema ne ta intanet da lambar JAMB, da lambar ɗan ƙasa ta NIN, da lambar banki ta BVN. Duk wanda ya nemi a ba shi kuɗi domin ya samo wa ɗalibi lamuni ko gurbin karatu, a guje shi.

Ƙungiyoyin Ɗalibai

Ƙungiyoyin 'yan jiha ɗaya ko ƙaramar hukuma ɗaya, da na addini kamar Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya da aka kafa a 1954, da takwarorinta na Kirista, kan tarbi baƙi, su nema musu masauki, su shirya darussan bita. Sai dai ɗalibi ya tabbatar ƙungiyar tana da rajista da Sashen Harkokin Ɗalibai. Duk wadda ke taro a ɓoye ko take neman rantsuwar sirri, haramtacciya ce, hukuncin shigarta kuwa kora ne.

Kira ga Iyaye da Shugabanni

Ana shawartar iyaye da su riƙa neman ganin sakamakon kowane zango, kada su jira shekarar ƙarshe. Idan ɗa ko 'ya ya daina kiran gida, ko ya rame, ko ya dawo ba lokacin hutu ba, a bincika cikin natsuwa, a kuma tuntuɓi malamin ajinsa. Jami'an ƙananan hukumomi kuwa su gaggauta ba da takardar shaidar asali, su tabbatar sunan da ke kanta ya yi daidai da na NIN da na JAMB, domin saɓanin harafi guda kan tsayar da tallafi. Hakimai da dagatai da limamai su sanar da jama'a lokutan cike takardun tallafi a masallatai da majami'u da ranakun kasuwa, musamman a ƙauyukan da babu intanet.