Gidan haya shi ke fara ci kafin mai shi

A cikin akwatin mahaifina, Allah ya jiƙansa, na tarar da wani tsohon kaye irin na ƴan lakwal. A shafin hagu yana rubuta kuɗin haya da suka shigo, a na dama kuma abin da gida ya ci: yaɓe, indararo, kwasar masai, gyaran ƙofa. Shekara talatin yana koyarwa, abin da ya bar mana ɗakuna huɗu ne na haya a unguwar Zariya ta Maraɗi. Wannan kaye ne ya sa na waiwayi asalin wannan sana'a da malamai da yawa ke jingina da ita bayan ritaya.

A da, baƙo a garuruwanmu ba ya biyan kuɗin wata. Fatake sukan sauka wurin mai masauki, ya ba su ɗaki da abinci, ya nemo musu masu saye, ya ɗauki la'adarsa. Haya ta wata-wata ta yaɗu ne tare da albashi. Da Turawan Faransa suka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, sai ma'aikata suka riƙa yawo daga gari zuwa gari, kowa na neman wurin kwana inda ba shi da dangi. A Maraɗi kuwa, ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta kori mutane daga tsohon gari zuwa tudu, aka yanka filaye da tituna miƙaƙƙu. Kuɗin gyaɗa suka shigo, masu hali suka jera ɗakunan ƙasa suna zuba baƙi. Ginin ƙasa ba ya da tsada, amma yana da sharaɗi guda: a yaɓe shi kafin kowace damina.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, akwai Crédit du Niger mai ba da bashin gini, akwai SONUCI mai gina gidaje, sai dai hannunsu bai cika kai wa ga ƙaramin ma'aikacin da ke nesa da Yamai ba. Shi da adashi yake gini, ɗaki bayan ɗaki, hayar na farko ta sayi tubalin na biyu. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun koro mutanen karkara cikin gari. Tsakanin waɗannan shekaru kuma kuɗin uraniyom suka bunƙasa, aka fara raina ginin ƙasa, kowa na son simintin Malbaza da rufin kwano. A lokacin ne mahaifina ya sayi filinsa. Ƙarfinsa bai kai ga siminti zalla ba, sai ya yi ginin ƙasa ya shafe shi da siminti.

Shekarun 1990 su ne jarrabawa. Bankin BDRN ya durƙushe, a watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kwano da ƙarfen gini suka yi tashin gwauron zabi, albashi kuma ya riƙa yin watanni bai fito ba. Mahaifina malami ne, ƴan hayarsa ma ma'aikata ne, rami ɗaya suke ciki. A kayen akwai watanni a jere da shafin hagu yake fayau. Amma shafin dama bai taɓa zama babu rubutu ba. Akwai shekarar da ya rubuta cewa ya sayar da rago ya biya magina. Bai kori kowa ba, kuma daga baya yawancinsu sun biya shi. A zamanin Tandja aka ba ma'aikata filaye a madadin bashin albashi. Wasu suka sayar da araha don yunwa ba ta jira, waɗanda suka daure kuwa su ne masu gidajen haya a yau. Da aka buɗe jami'o'i a Maraɗi, Damagaram da Tawa a 2010, ɗalibai suka zama sababbin ƴan haya, a 2018 kuma aka buɗe bankin gidaje na BHN.

Yanzu bari in faɗi laifina. Da gidan ya dawo hannuna, sai na ɗauki haya kamar albashi na biyu. Kuɗin makarantar yara, magani, biki, duk daga nan. Shekara uku ban kira magini ba, domin shafen siminti yana ɓoye ciwo: waje sumul, ciki ruwa na cin ƙasa. A daminar 2024, wadda ta rushe har tsohon masallacin Birni na Damagaram, bangon ɗaki ɗaya ya zube cikin dare. Mai hayar da matarsa da yaransu biyu sun fita da ƙyar. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba, amma har yau idan na tuna barci yakan gagare ni. Gyaran ya lashe fiye da hayar shekara guda ta gidan duka, alhali tsagar da ta jawo wannan buhun siminti biyu zai toshe ta.

Dokar mahaifina tana rubuce a bangon kayen: hayar wata biyu cikin goma sha biyu ta gida ce, ba ta mai gida ba. Na koma kanta. A watan Afrilu nakan hau rufi da magini, mu duba kwano da indararo da gindin bango. Duk wanda zai shiga, mu rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a san wa ke biyan ruwa da wuta, wa ke kwashe masai. Kuma ba na cin bashi bisa lissafin ɗakuna cike, don ɗalibi yakan tafi hutu ya bar ɗaki wata uku a rufe.

Malamai ƴan uwana da iyaye masu tara kuɗin fili, ku gina, abu ne mai kyau. Amma ku tuna ƴaƴan wani ne za su kwana ƙarƙashin rufin nan, amana ce a wuyanku. Ku buɗe kaye mai shafi biyu tun ranar da ɗan haya na farko ya shiga, ku kuma nuna wa ƴaƴanku shafin dama tun kuna raye. Ni sai da bango ya faɗi na karanta shi. Allah ya tsare mu.