Daga Sakkwato Zuwa Amurka: Waƙar "Afrique Victime" da Masu Sharhinta

Tarihin waƙa ba ya kammala sai an dubi yadda masu saurare suka karɓe ta. Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ɗan ƙasar Nijar wanda aka fi sani da Mdou Moctar, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a shekarar 2008, bisa salon waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo a wayoyin hannu, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya tsinci ɗaya ya yaɗa ta.

A shekarar 2021 kamfanin Matador ya fitar da waƙarsa "Afrique Victime". Mujallu irin su Pitchfork suka yaba matuƙa, wasu masu sharhi ma suka kwatanta kiɗan jitarsa da na Jimi Hendrix. Sai dai yabon ya fi karkata ga gwanintar yatsunsa. Jigon waƙar kuwa kokawa ne kan zaluncin da aka yi wa Afirka, daga bakin mawaƙin da Faransa ta shekara da shekaru tana haƙar yuraniyom a ƙasarsa.

Ga manazarcin waƙa, sharhin da ya fifita kiɗa bisa jigo rabin sharhi ne. Cike ɗaya rabin nauyi ne a kanmu.