Babi na Uku: Yadda Finafinan Hausa na Bidiyo Suka Nuna Soyayya

3.1 Gabatarwa

Wannan babi zai yi nazari ne a kan hanyar da masu shirya finafinan Hausa suka bi wajen nuna soyayya, duk da ƙarancin jari da kuma idon al'umma da ke kansu.

3.2 Mafari

Fim ɗin bidiyo na Hausa ya kankama ne a Kano cikin 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya. Kafin nan, Hausawa sun daɗe suna kallon finafinan Indiya a gidajen silima na Kwarori. Haka kuma littattafan soyayya sun riga sun sami kasuwa, har aka mayar da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino fim. Da yake bidiyo ba ta buƙatar gidan silima, kaset ya shiga ɗakunan matan aure, ya kuma isa garuruwa irin su Ikara da Maƙarfi da Kudan.

3.3 Waƙa a Madadin Taɓa Jiki

A al'adar Bahaushe, da baki ake neman aure. Saurayi kan je zance ƙofar gidan su budurwa, sannan kunya da addini sun hana shi taɓa ta. Saboda haka waƙa ce ta ɗauki nauyin abin da kyamara ba ta isa ta nuna ba. Ga ta kuma da araha, domin fiyano ɗaya da mawaƙa biyu da lambu sun wadatar. Fim ɗin Sangaya (1999), inda Ali Nuhu ya fito a yarima mai son 'yar aikin gidansu, shi ya tabbatar wa furodusoshi cewa waƙa ke sayar da kaset.

Sai dai rawar maza da mata ta jawo sukar malamai. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano cikin 2000, aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2016 ma, ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda runguma a wani bidiyon waƙa.

3.4 Kammalawa

Idan aka yi la'akari da bayanan da suka gabata, za a ga cewa an yarda masoya su furta so a fim, amma ba a yarda su taɓa juna ba. Wannan iyaka, tare da ƙarancin kuɗi, ita ta haifar da salon da aka san finafinan Hausa da shi.