Tsiron Dawa da Harshen da Ya San Shi

A Ingila da wasu ƙasashen Turai, idan sanyi ya kankama, masu dafa giya sukan fito da wata iri ta musamman mai launin jan zuma, wadda aka yawaita mata tsiron sha'ir don ta yi kauri da gardi. Har gasa ake shirya mata. Alƙalai su ɗaga kofi su dubi launi, su shinshina, su kurɓa, su jira abin da zai saura a maƙogwaro, sa'annan su ba da maki. Bakatsine zai ji wannan ya ce al'adar Nasara ce, ba ta shafe mu ba. Ni kuwa na ce ƙasar Katsina ta yi nata masu dafawar, da nata hunturun, da nata alƙalan, kuma abin da suka sani bai mutu ba, sutura kawai ya sauya.

Ba talla na zo yi wa abin da addinina ya haramta ba. Amma mai rubuta tarihi ba ya tsallake rijiya don ba ya shan ruwanta. Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci, wajen lissafa manyan mutanen Dala tun kafin zuwan Bagauda, ya ambaci maƙeri, da mai magani, da mai dafa giya, wanda ya kira Bugazau. Wato sana'a ce mai muƙami a tsohuwar ƙasar Hausa, kafaɗa da kafaɗa da ƙira.

Birnin Katsina ya riga ƙauyukansa juya mata baya. Garin da Al-Maghili ya sauka wajen 1493, garin hasumiyar Gobarau, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, ba wurin da za a kafa tukunyar burukutu a bainar jama'a ba ne. Da jihadi ya zo, Malam Ummarun Dallaje ya karɓi birnin a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga bisani suka kafu a Maraɗi. Tukunyar sai ta tsaya a inda take da masu ita: gidajen Maguzawa na kudancin Katsina, wajajen Malumfashi da Ƙafur, da kuma Arnan kwarin Maraɗi. A can giya ba abin maye kaɗai ba ce. Da ita ake sallamar masu gayya, da ita ake biki da makoki, da ita ake zuba wa iskoki.

Aikin na mata ne, kuma a nan ilimin yake. A jiƙa dawa, an fi son ja. A tsame ta a baza, a lulluɓe, ana yayyafa ruwa har kwana uku zuwa biyar, sai ta tsiro. A shanya, a niƙa, a dama, a dafa sa'o'i, a bar ta ta kwana ta yi tsami, a sake dafawa, ta huce, a zuba mata ragowar tsohuwar dahuwa don ta tashi. Tsirowar ita ce sirrin. Ƙwayar hatsi idan ta ji danshi takan ɗauka damina ta faɗi, sai ta saki sinadaran da ke narkar da garinta su mai da shi sukari don ciyar da ɗan tsiron. Mai dafawa tana yaudarar ƙwayar ne, ta bar ta ta fara, sa'annan ta tsayar da ita da rana kafin ta cinye zaƙin da kanta. Baturen da ke gasa sha'ir a masana'anta wannan yaudarar yake yi, ba wata ba.

Hunturu kuwa shi ne lokacinta. An yi girbi, rumbu ya cika da sabuwar dawa, aikin gona ya lafa, bukukuwa sun taso. Sanyin ma yana da hannu a ciki: yana rage saurin tashin dahuwa, don haka zaƙin tsiro ya fi daɗewa a tukunya, saɓanin bazara, lokacin da zafi kan sa ta yi tsami da wuri.

Alƙalancin ba ya bukatar takarda. Mai saye ba ya biya sai an ɗiba masa ɗanɗano a ɗan ƙoƙo, kuma a wannan kurɓi ɗaya hukunci yake. Launi ya zama ja mai duhu, ba fari-fari ba. Ta yi jiki, domin mai tsinkewa shaida ce an yi ha'inci da ruwa. Ta riƙa ɗan motsi a ƙwarya, alamar tana raye. Ƙauri ya nuna an bar gindin tukunya ya kama. Sai babban ma'auni, wato tsakanin zaƙi da tsami. Bature yana karya zaƙin tsiro da ɗacin wani fure da yake jefawa a dahuwa. Macen Bamaguje da tsami take karya nata. Wadda ta kuskure ba a rage mata maki. Tukunyarta ce za ta wuni a cike, ta maƙwabciyarta ta ƙare kafin la'asar, asarar dawar kuwa a kanta.

Turawa sun shigo Katsina a 1903 da wata doka a hannu. Yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta amince a hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan da ba ta riga ta yaɗu ba, Arewa kuwa aka sa ta cikin waɗannan. Ta kwalba ta laɓe a kulob ɗin Turawa da unguwannin baƙi. Sai a 1963 kamfanin Nigerian Breweries ya buɗe masana'anta a Kaduna, a 1976 kuma ya fito da Maltina, ruwan tsiro mai duhu wanda ba a bari ya tashi ba, saboda haka babu maye a cikinsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ya faru ne a 1988. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, kamfanoni suka rasa abin dafawa. Injiniyoyi da masana suka koma kan dawa, ciki har da gajeriyar ƙaura mai lamba SK5912 da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta inganta. Suka shiga auna sa'o'in jiƙo da kwanakin tsiro a ɗakunan gwaji, tambayoyin da matan Malumfashi suka daɗe suna amsawa da yatsa da harshe. Dawar manomanmu ta kama hanyar masana'antu a manyan motoci.

A shekarar 2000 Jihar Katsina ta ƙaddamar da Shari'a, a zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa. Maguzawa da yawa sun musulunta ko sun shiga Kiristanci, tukwanen sun ragu ƙwarai. Kalmar ta maƙale a bakinmu: muna cewa giyar mulki ta ɗebi wane, muna tambayar mai ganganci ko giyar wake ya sha. Ɗanɗanon kuma yana cikin kwalaben malt da ake jerawa a walima da ɗaurin aure a cikin birni, inda za ka ji hajiya ta kurɓi ɗaya ta ture, ta ce wannan zaƙi ya yi masa yawa, a miƙo mata wancan mai kaurin.