Shi Yana Kasuwa, Ita Tana Tsakar Gida

Zuwan jirgin ƙasa Zariya a wajen 1911 ne ya kafa Sabon Gari, ya mai da shi wurin dako da aike. Samaru kuwa ta tashi ne da gonar gwaji ta 1922, sannan Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A unguwannin biyu, namiji mai raunin ƙwaƙwalwa ya daɗe da samun gurbinsa. Ana aikensa, yana tura kurar ruwa, yana ɗaukar kaya a kasuwa, yana bin sahu zuwa masallaci. Ana tsokanarsa, a wasu lokutan a ci guminsa, amma jikinsa na motsi kullum.

'Yar'uwarsa ba ta samu haka ba. Da zarar ta balaga sai a tsare ta a gida, kuma ba mugunta ce ta sa ba. Iyaye na tsoron ɓata-gari, waɗanda suka san ba lalle ta iya faɗin abin da aka yi mata ba. Tsoron yana da tushe, ban ga laifin uwar da ta ji shi ba. Sai dai shekarun zama suna bin jiki bashi: ƙiba, ciwon gwiwa, hawan jini, da kaɗaicin da ba a cika lissafa shi cikin cuta ba. In ba ta yi aure ba, sa'o'inta duk sun watse, ko zuwa biki sai an samu mai raka ta.

Can waje an fara duba lamarin tun 1968, lokacin da Eunice Kennedy Shriver ta shirya gasar Special Olympics ta farko, ta masu raunin ƙwaƙwalwa, a Chicago. A 1997 aka haɗa gasar da duba lafiyar 'yan wasa. Awon da aka tara, da binciken da aka yi a Turai da Amurka, sun nuna cewa matan sun fi mazan ƙiba, kuma sun fi su ƙarancin motsa jiki.

Dokoki sun biyo baya a hankali. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa ta ware sashe na 6 ga mata masu nakasa, na 30 kuma ya ambaci wasanni. Najeriya ta tabbatar da ita a 2010, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu nakasa a Janairun 2019, Jihar Kaduna ta yi tata a 2021. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce manya masu nakasa ma suna buƙatar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako. Mai dako a kasuwar Sabon Gari kan cika wannan kafin Laraba. 'Yar'uwarsa kuwa, ko da filayen wasan jami'a na kusa da gidansu a Samaru, sai an samu macen da iyaye suka amince da ita, ta zo ta ɗauke ta, ta kuma dawo da ita kafin magariba.